Faifai 300: littafin aikin bugunmu na farko a Manchester

9 ga Satumba, 2023

An tsai da magana. Faifai 300 za mu buga, baƙi wuluk, mai faɗin inci 12, ba launi ba ƙyale-ƙyale. Mu biyu ne kamfanin, in har ya isa a kira shi kamfani. Abokiyar aikina 'yar garin nan ce, ta daɗe tana tsaron shagon faifai, ita ke da kunne kuma ita ta san mutane. Ni lissafi ne abincina tun zuwana ƙasar nan, don haka littafin kuɗi da takardu suna hannuna. Makaɗan su uku ne daga Salford, tsallaken kogin Irwell: mai gitar bes, wato mai kaurin sauti, mai gita wanda kuma shi ke danna wata tsohuwar na'urar ganga, sai mawaƙiyar, wadda rabin waƙarta magana ce kawai.

Abin da suke yi shi ake kira post-punk. A 1976 da 1977 kiɗan punk ya ɓarke a Ingila, samari cike da fushi, amo da sauri, ba sai ka iya gita ba. Da ƙura ta lafa sai wasu suka ce tunda an yarda kowa na iya hawa dandali, me zai sa a tsaya kan tsohon salon da aka gada? Suka jawo bes gaba irin na dub ɗin Jamaika, suka ari na'urori daga makaɗan Jamus, suka riƙa barin fili a cikin sauti. Joy Division da The Fall da A Certain Ratio a nan yankin, Gang of Four a Leeds, Cabaret Voltaire a Sheffield, The Raincoats a Landan. Ba kiɗan biki ba ne, kuma wanda ya ji shi karon farko ya ce hayaniya ce ban ga laifinsa ba.

Babban kamfani ba zai ko ɗaga ido ya dubi yaran nan ba. Amma a garin nan an san hanyar kewaye. A Janairun 1977 Buzzcocks suka ranto kimanin fam 500 daga dangi da abokai, suka buga ƙaramin faifai guda 1,000 da sunan kamfanin kansu, New Hormones, ya ƙare, suka yi ta ƙarawa har ya kai wajen 16,000. Daga nan ido ya buɗe. A 1978 kaɗai aka samu Factory a nan, Mute a hannun Daniel Miller, shagon Rough Trade na Geoff Travis kuma ya fara buga nasa. 4AD ya biyo baya a 1980.

23 ga Satumba

Makon nan duk a kan takarda ya ƙare. Makaɗan ba sa son yarjejeniya a rubuce. Mai bes ya ce ai mu abokai ne, kuma a ganinsa takarda al'adar manyan kamfanoni ce. Abokiyar aikina ma da farko ta karkata wajensu, don a garin nan labarin Factory ya zama kamar tatsuniyar da ake renon yara da ita: Tony Wilson, ɗan jaridar talabijin ɗin Granada, da Alan Erasmus, ofis a wani ɗaki a titin Palatine, riba rabi da rabi, makaɗa su ne masu komai, duk ranar da suka ga dama su tafi.

Labari ne mai daɗin ji, amma a ƙarasa shi. A 1992 bashi ya yi wa Factory katutu, London Records ya zo da niyyar saye, sai aka duba aka ga babu abin sayarwa, domin waƙoƙin da suka fi daraja ba na kamfanin ba ne, na makaɗan ne. Ciniki ya watse, Factory ya rufe a Nuwamban shekarar. Shekara guda kafin nan sashen rarraba kaya na Rough Trade ya durƙushe, ya tafi da kuɗin ƙananan kamfanoni da yawa. Masu ba da labarin suna son wajen jaruntaka. Ba kasafai suke ambaton mai buga kwali da mai situdiyo da ƙananan makaɗan da suka bi bashi har suka gaji ba.

Na ce musu ni ba na tsoron su cuce mu, ba na kuma jin za mu cuce su. Abin da nake tsoro shi ne bayan shekara biyu kowa ya tuna maganar yadda ta yi masa daɗi. Ga abin da muka rubuta, shafi ɗaya tak. Waƙoƙi da uwar sauti, wato ainihin kiɗan da aka ɗauka, na makaɗa ne har abada. Sun ba mu izinin bugawa a faifai na shekara biyar, bayan haka izini ya koma hannunsu. Mu ne za mu zuba kuɗin bugu. Duk abin da ya shigo a fara cire abin da aka kashe, sauran a raba biyu daidai. In an faɗi, faɗuwar tamu ce, ba su da bashi a wuya. Littafin kuɗi kuma a buɗe yake, kowa daga cikinsu na iya dubawa a wayarsa ko da tsakar dare.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi na fi ɗauka da muhimmanci. Rabi da rabi kowa na iya faɗa da baki. Rabin me? Nan ake yi wa makaɗa sakiyar da babu ruwa, a cusa kuɗin tasi da na shayi da na abin da ba a sani ba cikin “abin da aka kashe” har riba ta ɓace. Mawaƙiyar ce ta fara sa hannu.

21 ga Oktoba

Kuɗi. Kasona ya fito daga ajiyata, da ɗan abin da Yaya ta ranta mini. A waya ta ce, “Kai yanzu a wannan zamani faifan garmaho za ka buga? Wa zai saya, fisabilillahi?” Na ce, “Yaya, a nan yara ne ma ke saye.” Ta ce, “To Allah Ya sa albarka. Amma kuɗina kafin babbar sallah, ka ji ko?” Na shigar da shi littafi a matsayin bashina ni kaɗai, ba na kamfani ba.

Shirinmu shi ne mu buɗe odar gaba, wato a biya kafin faifai ya fito, a shafin intanet na Bandcamp, inda kusan duk ƙananan kamfanoni irin namu ke sayarwa kai tsaye. Sai ga labari: Epic Games, wanda ya saye shi a 2022, ya sayar wa Songtradr, kuma cikin watan nan kusan rabin ma'aikata sun rasa aiki. Shafin na nan yana aiki, za mu yi amfani da shi. Sai dai mun fara tara adireshin imel na masu sha'awa da kanmu, a takarda, a bakin ƙofa duk daren da yaran suka yi wasa. Odar gaba kuma mun ɗage ta. Ba za mu karɓi kuɗin kowa ba sai mun ji faifan gwaji da kunnenmu.

4 ga Nuwamba

Zaɓen masana'anta. Manyan an san su: GZ Media a Loděnice ta ƙasar Cek, wadda ta fi kowace girma a duniya, Optimal da Pallas a Jamus, Record Industry a Haarlem ta Holan. A Ingila ma akwai, ciki har da tsofaffin injinan EMI da ke Hayes. Layi ya ragu sosai idan aka kwatanta da 2021, lokacin da mai ƙaramar oda kan jira mafi yawan shekara saboda manyan mawaƙa sun cika injina. Mun ɗauki wata ƙarama a cikin ƙasa. Ta ɗan fi tsada a kan kowane faifai, amma tun ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai kaya daga tsallake na zuwa da takardun kwastan da haraji, kuma in matsala ta taso muna son wurin da jirgin ƙasa zai kai mu.

Nauyi giram 140. Mai gita ya so 180 don ya fi cika hannu. Nauyi ba ya ƙara wa sauti komai, zurfin layin da allura ke bi daga wurin yanka yake, sai dai ya ƙara kuɗin roba da na gidan waya.

18 ga Nuwamba

Rigimar farko ta gaske, kuma ba a kan kuɗi ba. Waƙoƙin da suka ɗauka sun kai minti 47. A intanet ba wanda zai ce uffan. A faifai kuwa fuska ɗaya tana ɗaukar minti 20 zuwa 22 cikin mutunci, kuma ga kiɗa mai nauyin bes ma gara a tsaya ƙasa da haka.

Dalilin a fili yake in mutum ya riƙe faifai ya duba. Layi ɗaya ne siriri yake nannaɗowa daga baki zuwa tsakiya, sauti kuwa shi ne karkacewar layin. Sauti mai kauri yana sa layi ya yi lilo da faɗi, ya ci fili. In kana son minti da yawa dole a matse layukan, in an matse dole a rage ƙarfi, in an rage ƙarfi ƙarar robar kanta ta fito fili. Sannan faifai yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ko allura na ina. A bakin waje kimanin santimita 50 na layi ke wucewa ƙarƙashin allura a daƙiƙa guda, kusa da tsakiya bai fi 20 da 'yan kai ba. Sautin da ake shimfiɗawa a wuri mai faɗi a waje, a ciki cushe shi ake yi. Shi ya sa tun da can ake sa waƙa mai zafi a farkon fuska, mai sanyi a ƙarshe.

Su kuma waƙar da suke rufe wasa da ita ita ce mafi tsawa, gita kamar ana yaga kwano, kuma a ƙarshen fuska ta biyu suke son ta. Abokiyar aikina ba ta yi gardama da baki ba. Ta ɗauko wani tsohon faifai da aka yi wa irin wannan ganganci ta sa waƙar ƙarshe, kowa ya ji yadda harafin “s” ke fesowa, kuge yana tsatsa. Shiru ya ɗan yi tsawo. Daga ƙarshe waƙoƙi biyu suka fita, za a ba masu saye su a matsayin kyauta ta intanet, mai tsawar ta koma farkon fuska ta biyu. Minti 18 da minti 19.

A ganina faifan ya fi kyau yanzu. Waƙoƙin da aka cire ba munana ba ne, amma kowa a ɗakin ya san su ne raunana, ba wanda ya iya faɗa sai da roba ta faɗa.

12 ga Disamba

Ranar yanka. Ɗaki ne ƙarami a wata unguwar masana'antu, rabinsa injin Neumann ya cinye, ƙirar VMS 70. Irin waɗannan injina tun shekarun 1980 aka daina ƙera su, duk wanda ke aiki yau gyara da addu'a ke riƙe da shi. Mai yankan dattijo ne, ba ya son surutu. Ya buɗe kwali ya ɗauko faranti na alminiyom da aka shafe da wani baƙin fenti mai sheƙi, ya fi faifai faɗi, inci 14, ya riƙe shi ta gefe da tafin hannu biyu, ya karkata shi ga fitila yana neman tabo. Ya ce tun da gobara ta cinye masana'antar Apollo a Banning ta Kalifoniya a Fabrairun 2020, kamfanin MDC na Japan kusan shi kaɗai ya rage yana yin farantin, don haka ba ya ɓarna da ko ɗaya. Akwai wata hanyar, a yanka a kan tagulla kai tsaye, amma shi ba ya yi.

Ya saurari waƙoƙin daga farko zuwa ƙarshe bai taɓa komai ba. Sannan ya ce bes ɗin yana yawo hagu da dama, in aka bar shi haka allura za ta riƙa tsalle sama da ƙasa har ta fice daga layi, don haka zai tattara sautin ƙasa a tsakiya. Mai bes ya ɓata rai. Dattijon ya yanka ɗan gwaji a gefen wani tsohon faranti, ya sa masa. Bai ƙara magana ba.

Da aka fara na gaske sai ɗakin ya canza. Allurar yankan dutse ne mai daraja da ake ɗumamawa da 'yar waya, tana sauka a kan farantin sai wani baƙin zare siriri ya fara fita, bututu na zuƙe shi zuwa cikin kwalba, domin zaren yana kama wuta da wuri. Ba a tsayawa. In an fara fuska sai an kai ƙarshe, in aka yi kuskure a minti na 17 faranti ya tafi. Tsakanin waƙa da waƙa ya kan danna maɓalli, layi ya buɗe, wannan tazarar da ake gani a faifai ta fito a gaban idonmu. Yana gamawa ya leƙa ta madubin ƙara girma, ya kira mawaƙiyar ta leƙa. Ta ce, “Wannan muryata ce?”

A filin da ya rage kusa da tsakiya ya ɗauki ƙarfe mai tsini ya rubuta lambarmu da hannu, 001. Al'adar rubutu a wannan gurbi tsohuwa ce, George Peckham ya yi suna da ita a shekarun 1970. Mai gita ya so a ba komai lamba irin na Factory, waɗanda suka ba fosta lamba 1, gidan rawa na Haçienda lamba 51, har akwatin gawar Wilson a 2007 lamba 501. Na ce a fara sayar da 001 tukuna.

Ba a sa farantin a garmaho, taɓawar allura ɗaya za ta lalata shi. A ranar aka ɗaure shi a akwati aka aika, don ba ya son jira.

13 ga Janairu, 2024

Jira. Takardar izini daga MCPS, ƙungiyar da ke kula da haƙƙin marubuta waƙa, ta fito, wadda masana'anta ba ta bugu sai ta gani. Ba wani labari.

3 ga Fabrairu

Faifan gwaji sun iso, guda biyar, farar takarda a tsakiya ba rubutu. Muka taru a gidan abokiyar aikina. Fuska ta ɗaya lafiya lau, har mai bes ya yarda bes ɗinsa ya fi zama daram. A fuska ta biyu, cikin waƙa ta uku, inda kiɗa ke yin ƙasa mawaƙiyar na magana ita kaɗai, sai ga ƙas, ƙas, ƙas, sau ɗaya a kowane zagaye, na 'yan daƙiƙu. Muka goge, muka sake. Muka sa na biyu, na uku, har na biyar, muka kai wani garmaho a gidan maƙwabci. Wuri ɗaya, ƙara ɗaya.

Wannan shi ne amfanin ba da biyar. Da a ɗaya ne kawai, ƙura ce ko tsautsayin bugu. Tunda a duka ne, aibin yana jikin ƙarfe. Farantin da aka yanka ana fesa masa azurfa a tsoma shi a ruwan nikel da lantarki, a ɓamɓaro ƙarfe mai layuka a tsaye, shi ake kira uba. Daga uba a fitar da uwa, mai layuka a kwance irin na faifai. Daga uwa a fitar da hatimi, wanda ake ɗaurawa a inji. A sa dunƙulen roba mai zafi kamar curin fura tsakanin hatimi biyu, takardar tsakiya sama da ƙasa, a matse da tururi da nauyin wajen tan 100, a sanyaya da ruwa, cikin rabin minti faifai ya fito. Ko gam ba a sa wa takardar, matsi ne ke haɗe ta da robar. Ƙwayar datti ɗaya a kowane mataki za ta bayyana a faifai 300.

Na rubuta wa masana'anta da minti da daƙiƙa, na haɗa da sautin da muka ɗauka.

Da aka gaji da sauraron ƙas-ƙas, abokiyar aikina ta jawo wani faifai daga kanta ta ce wai na san wannan? Mamman Sani ne, mai organ na Yamai. A 1978 ya ɗauki kiɗan, a kaset ya fito, mutanen Nijar da yawa sun san sautin daga rediyo da talabijin ko da ba su san mai shi ba. A 2013 Sahel Sounds, ƙaramin kamfanin Christopher Kirkley a Portland ta Amurka, ya buga shi a faifai. Ita a wurinta yana layi ɗaya da makaɗan lantarki na Jamus da Sheffield, a nan ma ta jera shi. Na ji daɗi, na kuma ji wani iri, don na san faifan ya fi yawa a ɗakunan Turai fiye da Yamai, inda waya ce garmahon kowa. Kamfanin nan ne kuma ya fito da Mdou Moctar, mai gita ɗan Nijar, kafin ya koma kamfanin Matador da ya fi girma. Haka abin yake: ƙaramin kamfani tsani ne, wanda ya hau ba ya ɗauke shi ya tafi da shi. Shekara biyar ɗin da ke takardarmu saboda irin wannan rana ce, in Allah Ya kawo ta, a rabu ana gaisawa.

24 ga Fabrairu

Amsar farko daga masana'anta: ƙarar tana cikin abin da aka saba yarda da shi. Mai gita ya ce a bari kawai, ai faifai ne, ƙas-ƙas ado ne. Ban yarda ba, abokiyar aikina ma haka. Ƙarar da faifai ya tara bayan shekara goma a hannun mai shi daban, wadda ka sayar masa da ita sabo fil daban. Kuma a wurin da murya take ita kaɗai.

Muka kira mai yankan, ya yi musu magana da yarensu. Suka duba uwa suka ce lafiyarta ƙalau, a hatimi abin yake, za su fitar da sabo daga gare ta. Da a uba ko farantin yake da sai an sake yanka, kuɗi sabo. Mun yarda mu biya sabon gwaji, su su ɗauki hatimi. Mun rasa gurbinmu a layi.

16 ga Maris

Gwaji na biyu tsaf. Na sa hannu, aka buɗe odar gaba, fam 20.

Kwali kuwa da hannu muke yi. Mun sayi fararen kwalaye, wata abokiyar mawaƙiyar mai buga zane a riguna ta ba mu aron teburinta a wani tsohon gidan saƙa a Salford, launi ɗaya, muna ja muna shanyawa a igiya. Wanda ya zana ya zo da shawarar a huda kwalin a yi masa taga. Na tuna masa faifan New Order, makaɗan Factory, na 1983, wanda Peter Saville ya yi wa kwali mai huji irin na faifan kwamfuta, har ake cewa da farko kowane ɗaya da aka sayar faɗuwa ake yi. Su sun sayar da abin da ya shiga tarihi. Mu 300 gare mu.

Bayan kwalin ne ya fi ba ni sha'awa. A 1978 Scritti Politti suka buga a jikin kwalin faifansu na farko abin da suka kashe a kowane mataki da wuraren da suka yi aikin, don wanda ya saya ya san shi ma zai iya. Na kawo shawarar mu yi haka, aka amince. Yanka, ƙarfe, bugu, gwaji na biyu, kwali, tawada, takardar izini, kowanne da kuɗinsa, jimla a ƙasa, da yadda za a raba abin da ya saura. Mai bes, wanda da ba ya son takarda, shi ya rubuta da hannunsa aka ɗauki hoto.

20 ga Afrilu

Yau Record Store Day. Tun asuba layi ya miƙe a titin Oldham gaban Piccadilly Records. A 2008 aka fara ranar don a tallafi ƙananan shaguna, kuma shagunan na cin moriyarta, ba shakka. Amma manyan kamfanoni sun gano ta, suna sake buga tsofaffin faifai masu launi-launi, tun farkon shekara injina na cike da kayansu. Namu yana bayansu. An ce farkon Mayu.

11 ga Mayu

Sun iso. An ƙirga 312, domin masana'anta na da izinin ƙari ko ragi har kashi 10 cikin 100, kuma abin da ya zo shi za ka biya. Akwatuna sun cika falona, a tsaye aka jera su, nesa da hita, don faifai in ya kwanta ko ya ji zafi lanƙwashewa yake. Mun buɗe daga akwatuna daban-daban mun saurara. Shida sun ɗan karkace, an ware. Makaɗa sun karɓi nasu 30 kamar yadda takarda ta ce, su sayar a wurin wasa kuɗin ya zama nasu.

Daren jiya da na yau sanya faifai a riga, riga a kwali, kwali a leda. Yatsuna duk yankan takarda.

8 ga Yuni

Buga faifai ashe shi ne mai sauƙin. A farkon shekarun 1980 Rough Trade da wasu shaguna, Red Rhino a York, Revolver a Bristol, Probe a Liverpool, Backs a Norwich, sun haɗa wata hanyar rarrabawa da suka kira Cartel, yadda faifan da aka buga a ɗakin kwana zai kai kowane lungu na ƙasar. Ga John Peel a BBC, wanda in ya sa waƙarka da dare gobe shaguna su nema. Peel ya rasu a 2004. Yau masu rarrabawa na nan, amma mai 300 bai cika gabansu ba, kuma in sun karɓa, bayan kason shago da nasu abin da zai dawo mana da ƙyar ya haura kuɗin bugu.

Don haka jaka a kafaɗa. Shaguna huɗu a Manchester, ɗaya a Leeds, ɗaya a Glasgow sun karɓa, yawanci biyar-biyar, sai an sayar a biya. Kowanne na sa ya sa hannu a 'yar takarda. Aikawa Turai ita ce ciwon kai: kuɗin gidan waya ya kusa kai kuɗin faifan, ga takardar kwastan, ga harajin da ake iya cajin mai saye a bakin ƙofa. Wani shago a Berlin ya ce zai ɗauki 15 a dunƙule, in hakan ta tabbata masu saye na can sai mu tura su wurinsa.

Lissafi zuwa daren jiya: 141 sun fita an biya, 45 suna shaguna ba a biya ba tukuna. Sai mun kai wajen 205 a farashin kai tsaye kafin a fara maganar riba, gwaji na biyu ne ya ɗaga lambar. Makaɗan sun ga wannan a wayarsu kafin in faɗa musu, mai bes har ya gano na manta ban sa kuɗin leda ba, ya ƙara da kansa. Kuɗin Yaya na mayar daga albashina ranar Litinin, sallah saura mako guda da 'yan kwanaki.

Suna da wasa a Sheffield ranar 22, za mu tafi da akwati biyu da na'urar karɓar kati. Abokiyar aikina ta turo mini sautin wasu 'yan mata biyu daga Todmorden masu kiɗa da kaset da goge na Turawa, ta rubuta 002 da alamar tambaya. Na ce ta ajiye shi sai mun ga abin da Berlin za ta ce.